Kwaɗon Damina da Jarrabawar Ilimin Halittu

Da zarar damina ta kankama a Ƙala' an-Nahal, cikin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, baƙar lakar gonakin dawa da riɗi takan jiƙe sharkaf, kududdufai su cika, kwaɗi su kwana suna kuka. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar ilimin halittu ya leƙa bakin kududdufi kafin ya buɗe littafi, domin gani ya kori ji. Yawancin tambayoyin da ake yi a kan kwaɗo tushensu ɗaya: yaya dabba guda take rayuwa a ruwa da tudu?

Tsuguna ka dubi maƙogwaronsa, za ka ga yana ɗagawa yana sauka babu hutawa. Kwaɗo ba shi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda mu muke jan numfashi da shi. Saboda haka yakan ja iska ta hanci zuwa baki, ya toshe hancin, sannan ya tura ta huhu. Fatarsa ma tana numfashi muddin da danshi, albarkacin ƙananan jijiyoyin jini da ke shimfiɗe a cikinta. Hanya ta uku ita ce fatar cikin baki. Ruwa kuwa ta fatar cikinsa yake tsotsa, ba ya sha da baki. Shi ya sa idan rani ya yi tsanani wasu kwaɗin sukan binne kansu a ƙasa har ruwa ya dawo.

Zuciyarsa ɗaki 3 ce, biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ta mutum kuwa 4. Jinin da ya fito daga huhu da wanda ya dawo daga jiki duk ɗakin ƙasan suke zubawa, amma ba sa cakuɗewa gaba ɗaya.

Talibambam kuma da tsarin kifi yake farawa, zuciya ɗaki 2, numfashi a cikin ruwa. Sinadarin tairoksin ne ke rikiɗa shi: ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, dogon hanjin cin gansakuka ya gajarce don cin ƙwari.

Hadda kaɗai takan gudu a ɗakin jarrabawa. Ka zana kwaɗon da hannunka, ka sa wa kowace gaɓa suna, ka rubuta aikinta da dalilinsa a gefe. Wanda ya san dalili, ko an juya masa tambaya zai gane ta.