Yankan hoto da gyaransa: abin da hotunan namun daji ke faɗi da abin da suke ɓoyewa

0. Gabatarwa

A ƙasar Cadakori, kamar sauran kudancin jahar Maradi, gonaki sun ci daji, har yaro kan girma bai taɓa ganin kura ido da ido ba. Sunanta yake ji cikin tatsuniya da karin magana, kamanninta kuwa sai a hoto. Saboda haka mai tattara sunayen dabbobi don ƙamus, da mai shirya littafin karatu domin makarantun da ke koyarwa da Hausa, waɗanda aka fara gwajinsu a Damagaram a 1973, ba su da makawa sai sun yi aiki da hoto. To amma da wuya hoto ya iso hannunsu yadda aka ɗauke shi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa yankan hoto aiki ne irin na magana, kuma ya kamata manazarcin harshe ya bi shi da irin hattarar da yake bin maganar da ya naɗo.

1. Kalmomin aiki

Za mu yi amfani da kalmomi huɗu, tare da takwarorinsu na Faransanci:

yanka (recadrage): rage gefunan hoto, a bar wani ɓangare;
gyara (retouche): sauya haske ko launi, ko share wani abu;
haɗi (photomontage): harhaɗa hotuna biyu ko fiye su zama ɗaya;
bayanin hoto (légende): rubutun da ke ƙarƙashinsa.

A maƙalarsa ta 1964 kan hoto, Roland Barthes ya kira aikin wannan rubutu ancrage. Da Hausa muna iya cewa bayanin hoto shi ne turken da ake ɗaure ma'ana a jikinsa, don kada ta yi yawo.

2. Yanka da jaddadawa

Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) a. Kuraye sun kama akuya a bakin gari.
b. Kuraye ne suka kama akuya a bakin gari.
c. A bakin gari ne kuraye suka kama akuya.

Abin da ya faru ɗaya ne, amma a (1b) da (1c) mai magana ya zaɓi wani yanki ya jaddada shi. Wannan zaɓi yana barin sawu a jimla: yankin ya dawo gaba, ne ya biyo shi, sun ya koma suka. Mai sauraro ya san an yi zaɓi, yana kuma iya tambaya.

Mai yanka hoto shi ma zaɓi yake yi: ya fito da kan dabba, ya zubar da garin da ke bayanta. Bambancin shi ne yankansa ba ya barin sawu. Mai kallo yana ɗaukar (1b) a matsayin (1a), watau yana zaton abin da ya gani shi ke nan abin da ke akwai.

3. Misalai uku

Biyun farko daga yankin ƙanƙara na arewacin duniya suke, inda aka fi yin gardama kan wannan batu. Sun shafi dabbar da Faransanci ke kira ours blanc, wadda masu fassara ke rubutawa farin beyar.

3.1. A watan Mayu na 2010, mujallar Science ta buga wasiƙar masana 255 kan sauyin yanayi, tare da hoton beyar shi kaɗai a kan ɗan guntun ƙanƙara a tsakiyar teku. Daga baya aka gano hoton haɗi ne, mujallar ta amsa kuskurenta, ta sauya shi.

3.2. A watan Disamba na 2017, National Geographic ta yaɗa hotunan wani beyar da yunwa ta rame, waɗanda Paul Nicklen da Cristina Mittermeier suka ɗauka a tsibirin Somerset na Kanada. Bayanin da aka sa ya ɗora laifin kan sauyin yanayi kai tsaye. A 2018 mujallar ta yarda ta wuce gona da iri, don ba wanda ya san abin da ya kai wannan dabba ga wannan hali. A nan ba a taɓa hoton ba, turken ne aka kafa inda bai dace ba.

3.3. Na uku na gida ne. A 2005 da 2007 Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hotunan gardawa masu wasa da kura a Najeriya. Shi da kansa ya faɗi cewa jaridu sun riƙa yaɗa labarin wai mutanen ƴan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfi, alhali ƴan wasa ne masu sayar da magani. Nasa hotunan kuma suna nuna gardi da kurarsa su kaɗai a bayan gari, ba ganga, ba ƴan kallo. Bahaushe ya san sauran, sai ya cike da kansa. Wanda bai san wasan kura ba, abin tsoro kawai zai gani.

4. Abin da yanka ke ɓatawa a aikin ƙamus

4.1. Girma. A shafin littafi kowace dabba gida ɗaya ake ba ta. Namijin beyar kan haura kilo 400, yanyawar ƙanƙara kuwa ba ta cika wuce kilo 5 ba, amma in aka yanke duk abin da ke kewaye da su, sai su fito kai ɗaya. Haka yake tsakanin dila da yanyawa, waɗanda ake samu a gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jahar Maradi, wanda aka keɓe tun 1955. Dila ya ninka yanyawa nauyi sau da dama. In ba tsiro ko sawu ko wani abin gwaji a hoton, dattijon da aka tambaya yana iya ba da sunan wannan ga waccan, mai bincike kuma ya rubuta wai bambancin karin harshe ne.

4.2. Alamun jiki. Kura dabbare-dabbare gare ta, da kunnuwa masu zagaye. Sayaki kuwa zane-zane gare shi a haƙarƙari da ƙafafu, da kunnuwa masu tsini, da doguwar geza a gadon baya. Hoton da aka matse a kan baki da haƙora, don ya ba da tsoro, ya zubar da abin da ke raba sunayen biyu.

4.3. Launi. Kamara tana auna haske bisa zaton cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, shi ya sa take mai da ƙanƙara ruwan toka. Mai gyara yakan ƙara haske, har gashin beyar, wanda a zahiri yakan ɗan yi rawaya, ya koma fari fat. Rairayin tsakar rana ma haka yake ruɗin kamara, kuma launin yanyawa na rairayi ne. Ita yanyawar ƙanƙara fara ce a lokacin sanyi, ruwan ƙasa ko ruwan toka a lokacin zafi, don haka hoto ɗaya rabin bayani ne.

5. Shawarwari

a. A ajiye hoton asali, kamar yadda ake ajiye faifan hira kafin a rubuta ta.
b. A nuna wa wanda ake tambaya dabba sukutum, har jela da ƙafafu, da wani abin gwada girma.
c. A rufe bayanin hoto yayin tambaya, don kada ya sa wa mai amsa magana a baki.
d. Gyaran haske halal ne in ya maido da abin da ido ya gani. Share abu ko ƙara shi haɗi ne, sai a faɗa.
e. A bayanin hoto a rubuta wuri da shekara, da ko dabbar a daji take ko a ɗaure, da ko an yanke hoton.

6. Kammalawa

Ba hoton da ba shi da iyaka, don haka ba a ce a bar yanka ba. Abin da muke nema shi ne a ba shi sawun da jimla ke da shi, ta yadda mai kallo zai san an yi zaɓi. A garuruwa irin Cadakori, inda hoto ya maye gurbin gani da ido, sunan da aka liƙa wa hoton da aka yanke ba daidai ba shi ne sunan da yara za su tashi da shi.