ZANGON BAZARA A KAN HANYAR ƊANBATTA

Da zarar watan Maris ya kama, hunturu ya ja da baya, zafin bazara ya fara leƙowa, sai ƙasar Ɗanbatta ta buɗe wa matafiyi. An riga an kwashe gero da dawa da gyaɗa, gonaki sun zama fili fetal har iyakar ganin ido, kuka ta zubar da ganye, gawo kuwa, wanda yake kakkaɓe nasa da damina, yanzu ne yake ba da inuwa. Tun zamanin kakanni wannan shi ne lokacin tafiya, domin babu taɓo, babu rafin da zai tare mutum, kuma babu shukar da dabba za ta taka.

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗanbatta da Kazaure da Daura, ta ƙetare iyaka a Kwangwalam zuwa Damagaram, tsohuwar hanyar fatake ce. Ta nan ayarin Buzaye yakan gangaro da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da tufafin Kano. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba, kuma ba a sauka sai inda aka san akwai rijiya da inuwa. Wurin saukar nan shi ake kira zango, har ma akwai gari a ƙasar Daura wanda ya ci wannan suna. Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, da motocin da suka biyo baya, su suka rage wa raƙumi da jaki aiki.

Amma abin lura shi ne, a ƙasar Ɗanbatta babu dajin da ba shi da mai shi. Ƙauyuka suna kusa da juna, kowace gona da iyakarta, kowace ɗorawa da wanda zai girbe ta. Saboda haka wanda dare ya yi wa ba ya kafa bukka inda ya ga dama. Sai ya yi sallama da mai unguwa, a nuna masa zaure ko gindin tsamiya, a kawo masa ruwa da tuwo, da asuba ya yi godiya ya kama hanya. Haka kuma makiyayi yakan nemi izinin manomi ya sauka a gonarsa: shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Wannan ciniki, wanda ba a rubuta shi a takarda ba, yana cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin arewacin Kano shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Matafiyin yau zai ga sauran wannan rayuwa idan ya tsaya. Ranar Lahadi kasuwar Ɗanbatta take ci, inda dabbobi da hatsi suke haɗa mutanen Kano da na Jigawa da na Nijar. Garin shi ne mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Kusa kuma akwai madatsar ruwa ta Tomas, wadda aka gina a shekarun 1970, inda masu noman rani suke kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya.

To, sai dai al'adar tana fuskantar matsi. Yawan jama'a ya sa gonaki sun cinye burtali a wurare da dama, kara da harawa sun zama abin sayarwa, labarin 'yan bindiga daga Zamfara da Katsina kuma ya sa baƙon dare ya zama abin tuhuma. Rufe iyakar Nijar a watan Agusta na 2023, wadda Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024, ya nuna yadda abincin mutanen hanyar ya rataya a kan zirga-zirga. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, an tsara zai bi ta Ɗanbatta, watau matafiya da yawa za su riƙa wucewa ba su sha ruwan garin ba.

Haƙiƙa taka-tsantsan wajibi ne. Matafiyi ya yi sammako, ya ɗauki ruwa isasshe, ya huta da tsakar rana, ya guji tafiyar dare, kuma ya bayyana kansa ga mai unguwa kafin ya shimfiɗa tabarma. Su kuma hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi, ya kamata su tsare burtali da rijiyoyin bakin hanya, domin garin da ya daina saukar da baƙo, wata rana ɗansa ma zai rasa masauki a garin wani. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.