Suna Linzami: Zaɓen Sunan Kamfanin Kwangila a Tunuga ta Fuskar Harshe

Gabatarwa

Tunuga, wadda takardun hukuma ke rubutawa Tounouga, gunduma ce ta karkara a yankin Gaya cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar. Tana kusurwar da ƙasashe uku suka haɗu: Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya tana kusa, Malanville ta Benin kuma tana ƙetaren kogin Kwara daura da Gaya. Ana jin Hausa da Dendi da Zabarmanci da Fulatanci a kasuwannin yankin, takardun ofis kuwa da Faransanci ake cika su a Nijar da Benin, da Ingilishi a Nijeriya. Magini ko mai haƙar rijiyoyi da ya tasa har yana son kafa kamfani don neman kwangilar gina azuzuwa ko ɗakin shan magani zai tarar cewa sunan da ya raɗa wa kamfanin zai bi ta hannun alƙalai da ma'aikatan banki da leburori masu harsuna dabam-dabam. Wannan maƙala ta duba matakai uku da irin wannan suna ke ratsawa, wato doka da rubutu da kunnen mai sauraro.

Abin da doka ta gindaya

Nijar da Benin suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Port-Louis a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokar kamfanoni ta ƙungiyar, da aka amince da ita a 1997 aka kuma sabunta ta a 2014, ta ce dole kowane kamfani ya kasance da suna rubutacce cikin kundin ƙa'idojinsa. Ta yarda a sa sunan ɗaya daga cikin masu kamfanin, amma ta hana ɗaukar sunan wani kamfani da ya riga ya shiga rajistar kasuwanci da ake kira RCCM. Kamfanin da alhakin bashinsa bai wuce jarin da aka zuba ba shi ne SARL, kuma waɗannan haruffa huɗu ko cikakkun kalmomin da suke wakilta wajibi ne su zo dab da sunan, a gabansa ko a bayansa.

Nijeriya ba ta cikin OHADA. Can hukumar CAC ce ke yi wa kamfanoni rajista bisa dokar CAMA ta 2020, kuma takwaran SARL shi ne kamfanin da sunansa ya ƙare da Limited ko Ltd. Hukumar tana ƙin sunan da ya yi kama da wanda ke cikin rajista har ya iya rikita jama'a, wasu kalmomi kuma irin su Federal da National ba a sa su sai da izini. Rajistar Nijar ba ta tsare wa mutum sunansa a Nijeriya. Ɗan kwangilar Tunuga da ke hangen aiki a Kamba yana da buƙatar ya binciki rajistocin biyu tun kafin ya sassaƙa hatimi.

Rubutu uku, kalma ɗaya

Matsala mafi girma ta harshe tana fitowa ne wajen rubutu. Ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar da na Nijeriya kusan ɗaya ne, bambancin da ya fi fitowa fili shi ne ƴ a Nijar da 'y a Nijeriya. Sai dai ma'aikacin da ke cika takardar rajista ya fi sabawa da ƙa'idar Faransanci, kuma da ita yake kama sautin Hausa. Sunan garin kansa shaida ne, domin wasalin u ya koma ou har sau biyu. Sunayen jam'iyyun siyasar da Nijar ta sani sun nuna sauran hanyoyin: an ninka s a MNSD-Nassara don kada mai karatun Faransanci ya furta z tsakanin wasula biyu, canji ya koma Tchanji a RDR-Tchanji, ƙasa kuma ta zama Kassa a MPN-Kiishin Kassa.

A ɗauki sunan Cigaba. Idan aka rubuta shi da ƙa'idar Hausa, mai karatun Faransanci zai ce Sigaba. Idan aka rubuta Tchigaba don a gyara masa, magatakardan banki a Nijeriya zai iya mayar da shi Chigaba. Haka ma Gina, wanda Faransanci ke buƙatar a rubuta Guina kafin g ta tsira daga sauyawa. Sunayen mutane ba su kuɓuta ba: Usman da Ousmane, Musa da Moussa, Abubakar da Aboubacar. A wurin masanin harshe duk waɗannan kalma ɗaya ce cikin tufafi dabam-dabam. A wurin kwamitin tantance masu neman kwangila kuwa, takardar rajista da lambar haraji ta NIF da asusun banki da suka saɓa da harafi ɗaya suna iya zama dalilin jinkirta biyan kuɗi ko ajiye takardun mutum gefe.

Sai kuma baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda sau da yawa ba su shiga na'urorin ofis. Wani lokaci asarar ba ta da yawa, domin duk Bahaushe zai gane Kokari da Dadin Kowa. Wani lokaci kuma ma'ana ce ke juyewa. Gina Ƙasa suna ne da ya dace da magini, amma da zarar ƙugiyar ta faɗi sai a sami kasa, wadda ke iya zama macijiya ko gazawa. Tun da boko ba ya nuna karin sauti da tsayin wasali, Raya Gari ma yana karɓar karatu biyu, garin mutane ko garin tuwo, a yankin da garin rogo ke cikin manyan hajojin kasuwa.

Kunnen maƙwabci

Hausar wannan yanki tana cikin karin harshen yamma, inda ake jin h a gurbin f ta daidaitacciyar Hausa a kalmomi da dama. Jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya ta riƙe wannan furuci a sunanta. Mai kamfani yana da zaɓi tsakanin Lahiya da Lafiya, kuma kowanne yana ɗauke da saƙo: na farko yana shaida cewa kamfanin ɗan gida ne, na biyu ya fi saurin karɓuwa a takardun da za su je Birnin Kebbi ko Kano.

Akwai kuma haɗarin kalmar da ke da daɗi a wani harshe ta yi nauyi a wani. A Zabarmanci baani na nufin lafiya, kuma akan rubuta ta Bani. Bahaushen da ya ga Bani a jikin motar ɗan kwangila zai karanta «ba ni», abin da ba mai neman aikin gwamnati da zai so a laƙaba masa. Wannan ne ya sa kalmomin da harsunan yankin suka aro daga Larabci suke da farin jini. Albarka da Amana suna da ma'ana guda a bakin Bahaushe da Bazabarme, ba su da baƙi mai ƙugiya, kuma Faransanci da Ingilishi suna karanta su kusan yadda suke. Illarsu ita ce yawan masu so, don haka da wuya a same su babu wanda ya riga ya ɗauka. Mafita ita ce harɗa su da sunan wuri, kamar Dendi ko Fogha, ko da kalmar da ke bayyana sana'ar.

Sunan mutum ko sunan aiki

Al'adar fatauci ta Hausawa ta saba jingina kasuwanci ga sunan maigida, shi ya sa alluna suka cika da «et Fils» da «et Frères» a Nijar, da «and Sons» a Nijeriya. Manyan kamfanonin gine-gine irin su Dantata & Sawoe da Julius Berger ma sunayen mutane suke ɗauke da su. Amfanin hakan a bayyane yake, domin a ƙaramin wuri kamar Tunuga mutuncin mutum shi ne jinginarsa ta farko. Amma SARL a idon doka mutum ne mai zaman kansa, dabam da wanda ya kafa shi, yana iya karɓar sababbin abokan tarayya, yana kuma wanzuwa bayan rasuwar maigidan. Sunan da ya ɗaure kamfani ga mutum ɗaya kan zama abin jayayya ranar rabon gado ko ranar da abokin tarayya ya zuba jarin da ya fi na mai sunan.

Wata hanyar ita ce taƙaitaccen suna na haruffa, irin NIGELEC da SONIDEP. Tsarin da jam'iyyun Nijar suka bi, na haɗa haruffan Faransanci da kalmar gida, yana nuna yadda jama'a ke yi da irin wannan suna: haruffan suna zama a takarda, baki kuma ya riƙe Tarayya ko Nasara. Kamfanin da bai tanadi kalmar da baki zai kama ba, mutane za su raɗa masa tasu, kuma ba lalle ta yi wa mai shi daɗi ba.

Kammalawa

Sunan da zai yi wa ɗan kwangilar Tunuga aiki shi ne gajere mai gaɓa biyu ko uku, wanda ma'anarsa ba ta rataya ga ƙugiya ko karin sauti ba, wanda aka gwada a kunnen masu Dendi da Zabarmanci da Fulatanci, aka kuma tsayar masa da rubutu ɗaya tak a rajista da banki da hatimi. Tun da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, batun yadda ake rubuta ta a takardun hukuma ya ƙara nauyi. Allunan shaguna da na wuraren gini daga Gaya zuwa Kamba fage ne da ke jiran ɗaliban walwalar harshe su tattara sunayen, su rarraba su bisa harshe da salon rubutu.