Kofi Ko Nisan Tafiya? Yadda Ake Gane Babbar Jami'a A Ƙwallon Kwando

Ka san irin musun nan da ba ya ƙarewa a teburin mai shayi. Ɗan Madrid ya ɗaga yatsu ya ce kofin Zakarun Turai 15, a kawo wata magana. Ɗan wata ƙungiyar ya ce ai tasa kusan kowace shekara sai ta kai zagaye na kusa da na ƙarshe, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. A rabu dutse a hannun riga, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

To, irin wannan musun ne ake tafkawa a Amurka duk watan Maris, sai dai su a kan ƙwallon kwandon jami'o'i suke yi. Idan kana cikin masu bin gajerun bidiyon NBA a TikTok da Facebook, ya kamata ka san gidan da yawancin taurarin nan suka fito. Kuma kada ka ce ina ruwan ɗan Janbako da jami'o'in Amurka. Ka bi ni a hankali, maganar za ta dawo gida.

Yadda gasar take

Sunanta gasar NCAA, amma an fi saninta da March Madness, wato haukan watan Maris. An fara ta a 1939. Daga 1985 ta koma ta makarantu 64, daga 2011 kuma 68. Dokarta ɗaya ce mai zafi: aka ci ka sau ɗaya, ka tattara kayanka. Babu gida da waje, babu "mu haɗu a karo na biyu".

Mai son kofi sai ya ci wasa shida a jere. Wanda ya ci huɗu ya shiga sahun huɗun ƙarshe, matakin da a can ake rataya masa tuta a zauren wasan makaranta, tamkar kofi. Wasan ƙarshe kuwa daren Litinin ake yinsa a farkon Afrilu, wajen ƙarfe biyu na dare agogon Najeriya. Sai mai data da haƙurin hana ido barci.

Masu ƙirga kofi

Idan kofi kaɗai za a duba, lissafin maza zuwa 2025 a fili yake. UCLA 11, Kentucky 8, North Carolina 6, UConn 6, Duke 5, Indiana 5, Kansas 4.

Sai ka ce shi ke nan, UCLA ce sarauniya. Dakata. Goma daga cikin kofunan nan 11 koci ɗaya ne ya kawo su, John Wooden, tsakanin 1964 da 1975, har da bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973. A hannunsa Kareem Abdul-Jabbar ya yi wasa tun yana amsa sunan Lew Alcindor. Amma a yawancin shekarun nan makarantun da ke shiga gasar ba su wuce 25 ba, wasa huɗu UCLA ke ci ta ɗauki kofi. Tun daga 1995 kuma ba ta sake ɗagawa ba. Indiana ma rabonta da kofi tun 1987. Wato wanda aka haifa ranar da Indiana ta ci kofinta na ƙarshe, yau yana da iyali, wataƙila har ɗansa ya shiga sakandare.

Kofi ba ya ƙarya, amma ba ya faɗa maka ko na jiya ne ko na zamanin kakanni.

Masu duba nisan tafiya

Su kuma waɗannan cewa suke yi, a gasar da kuskuren minti ɗaya ke kora ka gida, sa'a tana da babban kaso. Abin da sa'a ba ta iya ba ka shi ne ka riƙa dawowa shekara bayan shekara. A wannan ma'auni North Carolina ce a gaba: sau 21 tana shiga huɗun ƙarshe, babu wadda ta kai ta. A can Michael Jordan ya jefa ƙwallon da ta ba su kofin 1982 yana ɗan aji ɗaya. Duke kuma, a ƙarƙashin Mike Krzyzewski wanda ya riƙe ta daga 1980 zuwa 2022, ta je huɗun ƙarshe sau 13, ta ɗauki kofi biyar.

Ga inda abin ya fi daɗi. Ɗauki UConn da Houston ka jera su. Zuwa 2025 kowacce ta shiga huɗun ƙarshe sau bakwai. UConn ta dawo da kofi shida: 1999, 2004, 2011, 2014, 2023 da 2024, a hannun koci uku daban-daban. Houston fa? Ko ɗaya. Ta kai wasan ƙarshe sau uku, 1983, 1984 da 2025, duka aka doke ta. Idan kana kallon ƙwallon ƙafa ka riga ka gane: Atletico Madrid ke nan, wadda ta sha kashi a wasan ƙarshe na Turai a 1974, 2014 da 2016.

Namu a cikin labarin

Ba baƙi ba ne mu a wannan tarihi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne ginshiƙin Houston ɗin nan. Sau uku a jere ya kai ta huɗun ƙarshe, 1982 zuwa 1984. A 1983 NC State ta doke su 54 da 52 da ƙwallon da aka cusa a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka Hakeem aka ba gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta sake hana su. Ya bar jami'a ba kofi, ya je NBA ya ɗauki biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995. Akwai wanda zai ce makarantar da ta rene shi ba ta iya aiki ba?

A ɗaya ɓangaren, Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne gwarzon gasar lokacin da UConn ta ci a 2004. A 2023 kuma Adama Sanogo, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, ya karɓi wannan kambu, alhali ƙarshen gasar ya faɗo cikin Ramadan yana azuminsa. A 2025 da Florida ta doke Houston 65 da 63, akwai ɗan Najeriya Rueben Chinyelu cikin 'yan wasanta biyar na farko. Ƙwallo ɗaya ce ta raba su. Ƙwallo ɗaya, malam, ita ce tsakanin "zakara" da "ba ta taɓa ci ba".

To wa ya fi gaskiya?

Ga yadda nake auna abin, kai ma ka gwada. Tambaya uku ce. Kofi nawa, kuma a wane zamani? Sau nawa aka yi nisa, kuma cikin shekara nawa? Sannan, da kocin da ya kafa suna ya tafi, gidan ya tsaya ko ya rushe?

Ta ukun ita ce mai wuya. A jami'a ɗan wasa ba ya daɗewa, shekara huɗu ce a al'ada, manyan taurari ma shekara ɗaya suke yi su wuce NBA. Ba kamar Madrid ba ce da za ta riƙe mutum shekara goma. Don haka idan ka ga makaranta tana dawowa huɗun ƙarshe da sababbin fuskoki, akwai abin da ke zaune daram a wurin: koci, filin atisaye, masu zaƙulo yara, da tsofaffin ɗalibai masu sa hannu a aljihu. Kofi yana nuna shekarar da komai ya yi daidai. Yawan nisan tafiya shi ke nuna akwai gida.

Ka san wannan ma daga Sai Masu Gida. Kano Pillars ta ƙwallon ƙafa ba ta ɗauki kofin Afirka ba, amma har yau ana maganar 2009, shekarar da ta fitar da Al Ahly ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Takwararta ta ƙwallon kwando ta sha ɗaukar kofin Najeriya, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Tagulla ce, amma wa zai raina ta?

Mu dawo gida

A Arewa, idan ana maganar jami'ar da ta gina gidan ƙwallon kwando, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ake fara kira. Sirrin ba ɓoyayye ba ne: wani koci Ba'amurke, Oliver B. Johnson, da aka fi sani da OBJ, ya share shekaru gommai yana koyar da yara a can. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya je ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa, daga baya ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Mutum ɗaya da ya zauna wuri ɗaya, bai gaji ba.

Yanzu kalli yankinmu. Talata Mafara na da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha. Bakura na da kwalejin aikin gona. Ga sakandare a Maradun da sauran garuruwa. Akwai gasar NUGA ta jami'o'i tun 1966, akwai NIPOGA ta kwalejojin fasaha. Dogayen samari kuwa, je kasuwa ranar cinta ka ƙirga da idonka. Kowa ya san halin tsaro da yankin ke ciki, ya san yadda ya taɓa karatu da zirga-zirga. Shi ya sa ma wurin da zai tara matasa da yamma cikin gari, a idon manya, ba abin wasa ba ne.

Kuma abin bai kai tsadar da kake zato ba. Cikakken fili mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kwandon kuma mita 3.05 daga ƙasa. Idan wannan ya yi yawa, akwai wasan mutum uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, wanda har ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo. Mai walda zai iya haɗa zoben, kafinta ya yi allon.

Ke ma 'yar uwa, ba a bar ki a baya ba. D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris a 2024 suka zama tawagar Afirka ta farko da ta kai zagayen takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Su sun haɗa biyun, ga kofi ga nisan tafiya.

Abu na ƙarshe, kuma kyauta ne: a riƙa rubutawa. Dalilin da ya sa muke iya musu a kan wasan 1983 shi ne wani ya adana sakamakon. Idan ajinku ya kara da wani aji, ko unguwarku da wata unguwa, ka rubuta ranar, sunayen ƙungiyoyin da yadda aka tashi, ka ɗora a shafin makaranta ko na gari. Bayan shekara biyar za ku san wa ke yawan kaiwa ƙarshe, ba wa ya fi baki ba.

Kai fa, a wane layi kake? Idan aka ba ka zaɓi, tarihin UConn za ka ɗauka ko na North Carolina? Kuma a makarantarku, wa zai zama OBJ ɗinku?