Neman dutsen sama

Neman dutsen sama sana'a ce ta bin sahara da gonaki domin gano duwatsun da suka faɗo ƙasa daga sararin samaniya. An fi dacewa da su a hamada, saboda rashin danshi yana hana su tsatsa, kuma baƙin dutse yana fitowa fili a kan farin yashi.

Yadda ake gane shi

Galibi yana da baƙin ɓawo sakamakon ƙunar da ya sha wajen ratsa iska. Ya fi dutsen gida nauyi, kuma maganaɗisu yana jan mafi yawansu. Marmara da kashin maƙera sukan ruɗi masu nema, shi ya sa ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. Masana suna buƙatar a rubuta ainihin wurin da aka tsince shi.

A Najeriya da Nijar

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina. Bincike ya nuna cewa daga duniyar Mars ya fito.

A Nuwamba 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadez. Kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 kan dala miliyan 5.3. Daga nan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi daga ƙasar.