Me Ya Kashe Wutar Tankin Gas?

Masu aiki a wuraren da ake mayar da shara iskar gas sun san wani al'amari mai ɗaure kai. Tanki yana nan yana cin kashin shanu zalla, yana ba da gas daidai gwargwado wata da watanni. Sai a samu garaɓasa: wata masana'antar abinci ta kawo lalatacciyar madara, ko ruwan sitaci, ko ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, kayan da a lissafi sun fi kashin shanu ƙarfi nesa ba kusa ba. A antaya su ciki. Kwana biyu ko uku gas ya ƙaru, kowa na murna. Daga nan harshen wutar ya fara rawa, ya ƙi kamawa, tankin ya ɗauki wari mai tsami, ya yi tsit. An duba babu yoyo, bututu bai toshe ba, babu wanda ya zuba guba. To, ta yaya abinci mai kyau zai kashe tankin da kashi ya raya?

Kafin a kai ga amsar sai da masana suka shafe kusan shekara 200, domin tun farko ba a san ma wane ne ke yin gas ɗin ba.

A watan Nuwamban 1776, Alessandro Volta, masanin nan na Italiya, yana cikin kwalekwale a tafkin Maggiore, kusa da garin Angera. Ya sa sanda ya caccaki lakar da ke ƙarƙashin ciyayin bakin ruwa, sai kumfa ya yi ta tasowa. Ya tara shi a kwalba, ya kusanto da wuta, iskar ta kama da shuɗin harshe. Ya kuma lura cewa inda ruɓaɓɓen ganye ya fi yawa a laka, nan iskar ta fi fita. A 1808 Humphry Davy na Ingila ya sami irin wannan iskar daga kashin shanu. Ita ce ake kira metan yanzu. An san daga ina take fitowa ke nan, amma ba a san mai yin ta ba.

A 1868 Antoine Béchamp na Faransa ya nuna cewa ruɓewar ba haka kawai take faruwa ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke aikin. A 1884 Ulysse Gayon, almajirin Louis Pasteur, ya tsima kashin dawaki ya tara gas ɗinsa, har Pasteur ya kawo shawarar a haskaka titunan Faris da kashin dawakan birnin. Sai dai kama halittar kanta ya gagara. Iskar da muke shaƙa guba ce gare ta, da an fito da ita daga laka ta mutu.

A 1940 wani Ba'amurke, H. A. Barker, ya ba da sanarwar ya ware ta. Ya raya ta a kwalba, yana ba ta barasa tana fitar da metan, ya sa mata sunan masanin Rasha Omelianski. Shekara 27 ɗakunan bincike suna rainon ta, suna rubutu a kanta a matsayin halitta guda.

A nan labarin ya juya. A 1967 Marvin Bryant da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois suka sake duba kwalbar. Bryant ya ƙware a kan halittun da ke cikin tumbin saniya, ya iya dabarar Robert Hungate ta raya su ba tare da iska ta taɓa su ba. Da ya tsefe abin da ke ciki, ashe halittu biyu ne a cuɗe. Ta farko ita ke cin barasar, ta fitar da tsami irin na ruwan khal da iskar haidurojin, ba ta yin metan ko kaɗan. Kuma idan haidurojin ɗin da ta fitar ya taru a kewayenta, aikinta tsayawa yake cak. Ta biyu ko kallon barasar ba ta yi. Haidurojin ɗin take kwashewa, ta haɗa shi da iskar kabon dayoksaid, ta fitar da metan. Ɗaya tana ciyar da ɗaya, ɗayar kuma tana share mata wuri. A ganina wannan shi ne binciken da ya fi muhimmanci a duk tarihin wannan sana'a, ko da yake sunan Bryant bai cika fitowa a bakin masu gina tanki ba. Shekara goma bayan haka, a jami'ar dai, Carl Woese da George Fox suka nuna cewa masu yin metan ɗin ma ba bakteriya ba ne, wani reshen halitta ne daban.

Daga nan aka gane cewa tankin gas gari ne mai ma'aikata rukuni huɗu, kowa na jiran abin da na gabansa ya bari. Na farko su farfasa sitaci da kitse da nama. Na biyu su mayar da su tsami iri-iri da barasa. Na uku su mayar da waɗannan zuwa tsamin khal da haidurojin. Na ƙarshe su yi metan, wajen kashi biyu cikin uku daga tsamin khal, sauran daga haidurojin.

Saura tambaya ɗaya: su waye suka fi sauri? Masu yin tsami cikin 'yan awoyi suke ninka yawansu. Masu mayar da tsamin khal metan kuwa sai sun yi kwanaki. Kashin shanu abinci ne da saniya ta riga ta tatse, saura ƙaiƙayi mai wuyar narkewa, don haka a hankali yake sakin kansa, daidai da tafiyar na ƙarshe. Madara da sitaci da sukari kuwa nan take suke narkewa. Masu tsami su yi wawaso, tsami ya taru fiye da yadda na baya za su iya kwashewa. Masu yin metan suna son ma'aunin tsami na pH ya tsaya wajen 7, da ya sauka ƙasa da 6.5 sai su fara sanyi. Suna yin sanyi haidurojin ya taru, rukuni na uku su tsaya, tsamin ya ƙara yawa. Ƙaruwar gas ɗin nan ta kwanakin farko ma yawancinta kabon dayoksaid ce daga masu tsami. Lafiyayyen gas yana da metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, shi ya sa da kason ya faɗi wutar ta ƙi kamawa duk da bututu cike yake.

Makiyayi ya san wannan ciwo. Saniyar da ta faɗa wa buhun masara ta ci son ranta, tumbinta tsami yake yi, ta daina tuƙa, ta kwanta. Likitan dabbobi soda yake ba ta, dangin kanwa. Tankin da ya yi tsami ma haka ake masa: a dakatar da abinci, a zuba soda ko farar ƙasa, a ƙaro ɗanyen kashin shanu, a yi haƙuri na makonni.

Mutanen Denmak sun gina sana'arsu a kan wannan fahimta. Tun 1984 suka fara manyan tankunan haɗin gwiwa, inda manoma ke kawo ruwan kashin shanu da na aladu, masana'antun nama da na kifi su kawo nasu sharar. Kashin dabbobi ne ke da kaso mafi yawa, shi ke tare tsami, sharar masana'anta kuma ita ke kawo yawan gas. Ana tace gas ɗin a cire kabon dayoksaid a tura shi bututun ƙasa, kuma a 2023 ya kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na gas ɗin da ƙasar ta yi amfani da shi.

Manomi zai tambaya: in an zare ƙarfin kashin an ƙone, me ya rage wa gonata? Gas ɗin kabon da haidurojin da oksijin ya kwasa. Naitirojin da fosforas da fotasiyam, abubuwa ukun da ake saye a buhun takin NPK, suna nan cikin ruwan da ke fita daga tankin. Wani kaso na naitirojin ɗin ma ya koma amoniyam, wanda saiwa ke sha kai tsaye. Sai dai wannan yana da saurin bin iska, don haka ake rufe ma'ajiyarsa, kuma a binne shi a ƙasa da zarar an kai gona.

Mahauta a kwata, masu sarrafa rogo da tumatir, masu kamfanin madara, duk wanda ke shirin gina irin wannan tanki: ku fara da ɗanyen kashin shanu ko abin cikin tumbi, ku riƙa ƙara sharar masana'anta kaɗan-kaɗan, kuma ku sayi abin auna tsami tun kafin ku sayi janareta.