Maganin fiɗa da ke taimakon wanda rayuwa ta ishe shi

Akwai ciwon da ba ya sa zazzaɓi, ba ya fidda ƙurji. Mutum ya daina barci, ya daina cin abinci, ya bar gona, ya ƙaurace wa jama'a. Wata rana sai ya ce gara ya mutu ya huta. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa mai tsanani. Ciwo ne kamar sauran, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara.

Matsalar ita ce, ƙwayoyin da aka saba bayarwa suna ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin su fara aiki. Wanda ke tunanin kashe kansa kuwa, kwana ɗaya ma yana yi masa tsawo.

Nan ne ketamin ya shigo. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka fara aiki da shi a asibitoci a 1970. Aikinsa na farko shi ne sa mutum barci lokacin fiɗa. Asibitocin Afirka da yawa suna dogara da shi, don ba ya danne numfashi sosai. Likitocin dabbobi ma suna aiki da shi.

A shekarar 2000, likitocin jami'ar Yale a Amurka suka ga abin mamaki. Ɗan kaɗan daga maganin nan yana sauƙaƙa damuwa cikin awoyi. A 2022 aka bayyana wani gwaji da aka yi a Faransa da marasa lafiya 156 masu tunanin kashe kansu. An raba su kashi biyu. Cikin waɗanda aka ba ketamin, 63 cikin ɗari tunanin ya bar su a kwana na uku. Cikin waɗanda aka ba ruwan gishiri kawai, kamar 32 cikin ɗari ne.

Yaya ake bayarwa? Ana auna nauyin mutum, a sa maganin cikin ƙarin ruwa, ya shiga jijiya a hankali har minti 40. Likita yana tsaye yana duba shi, don jini yana iya hawa, ga jiri, ga jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Akwai kuma na fesawa a hanci, wanda Amurka ta yarda da shi a 2019.

Amma a lura. Sauƙin nan yakan yi kwanaki ne, ko sati guda, sannan ciwon yana iya dawowa. Ketamin yana ba da lokaci ne kawai, kafin sauran magunguna da shawarar likita su kama aiki. Kuma ba maganin kasuwa ba ne. Wanda ya mai da shi abin maye, mafitsararsa tana lalacewa, hankalinsa yana taɓuwa. Wanda aka tanada don dabba, na dabba ne.

To, ƴan'uwa manoma da makiyaya, aikin farko na mutanen gida ne. In wani ya ce ya gaji da rayuwa, kada a yi masa dariya, kada a zage shi. A zauna a saurare shi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta tura mutum ga aikatawa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari na gona, a ba wani mabuɗin. A kai shi likita mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Daga can za a san ko a tura shi babban asibiti, wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Mugun tunanin nan yana zuwa, yana wucewa. Mafi yawan waɗanda aka tsare a wannan lokaci suna ci gaba da rayuwarsu.